Kwalaben Malam Mai Cokali

Da hantsin ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Mayu, ina tsakiyar karanta wa ɗalibai baitocin wata marsiyya, aka ƙwanƙwasa ƙofar aji aka ce mini maƙwabcina ya cika. Na Allah muke, kuma gare Shi kowane mai rai zai koma. Na rufe littafin ban ƙarasa ba, domin marsiyyar da nake koyarwa ta sauko daga takarda, ta zo ta tsaya mini a bakin ƙofa.

Ya Malam Mai Cokali, masanin kimiyyar ƙasa da muhalli, shekaru masu yawa bango ɗaya ne ya raba ofishina da ɗakin bincikenka a wannan jami'a. Ni malamin adabi ne, ban san komai a fanninka ba sai abin da bangon ya jiyar da ni. Kana kirana Sha'iri, ina kiranka Maƙwabci. Kullum bayan la'asar, idan baranda ta yi tsit, sai in ji ƙarar kwalba tana taɓa 'yar'uwarta, in san kana can kana jera ƙasarka a kan kanta. Har bayan rasuwarka, Maƙwabci, idan lokacin ya yi na riƙa jin wannan ƙara. Na je na murɗa ƙofar, a kulle take. Na dawo na zauna, na sake ji.

Bangon yana nan, maƙwabci ba ya dawowa,
Kwalba tana kiran kwalba, ba mai amsawa.
Ka auna ƙasar mutane cokali-cokali,
Yau ga ta a kanka, ba mai aunawa.

Ga wanda bai san ka ba, bari in faɗi abin da ka tsaya a kai. A kan idonmu masana suka fara zancen sauya tattalin arziki, a koma ga wanda zai ciyar da mutane ba tare da ya ƙone duniyar da suke zaune a ciki ba. Magana ce mai kyau, kuma kai ne farkon mai gaskata ta. Amma mun ga yadda bincike a kanta yake sauya riga duk lokacin da masu ba da tallafi suka sauya sha'awa. An yi yayin dashen itatuwa, kowa ya zama masanin daji. Aka zo yayin murhu mai tsimin itace. Daga nan sola ta shigo, takardu suka cika da hasken rana. Sai cinikin hayaƙi, inda kamfani zai biya a dasa itace a wata nahiya domin ya ci gaba da turnuƙe tasa. Sai motoci masu caji. Ban faɗi wannan don zargi ba. Da yawa aikin kirki ne, kuma mai iyali ba ya bincike da iska. Na faɗa ne don a san cewa duk wannan guguwa ta wuce ta kanka, kai kuwa kana tsugune a wuri ɗaya da tambaya ɗaya.

Na ji ka yi ta a wani taron masana, bayan an gama yabon yadda sola ta haskaka ƙauyuka. Ka miƙe a hankali ka ce, "Na yi murna da hasken nan, ni ma shi nake kunnawa a gidana. Amma kowane farantin sola da batir a ƙarƙashinsa, batir kuma mutuwa yake yi. Ina ake binne gawarsa?" Aka yi dariya, aka wuce zuwa tambaya ta gaba.

Kai ka san inda ake binne ta. Bayan kasuwar tsofaffin ƙarafa akwai unguwar da magidanta suke fasa matattun batura da gatari, su zubar da ruwan a kwata, su narkar da dalmar a tukunyar ƙarfe, a ƙofar gidajen da suke kwana. Duk shekara, kafin ruwan farko ya sauka ya wanke ƙasa, kana zuwa da jakar kwalabe da cokalin nan naka mai lanƙwasasshiyar mariƙa. Ka yi sallama, ka gaishe da mai gida, ka nemi izini, sannan ka sunkuya ka ɗebi ƙasa daga dokin ƙofa. Gidajen dai su ne, ƙofofin su ne, shekara bayan shekara. Tun kafin sola ta yawaita ka fara, saboda haka a kantocinka akwai ƙasar unguwar tun tana da lafiya, da kuma yadda dalma ta riƙa shiga jikinta kamar ciwon da ba ya kwantar da mutum sai ya gama cin sa. Idan wata rana aka ce wa mutanen nan ƙasarsu haka Allah ya yi ta, babu mai ƙaryatawa sai waɗannan kwalabe.

Ba ka taɓa neman a rufe musu sana'a ba. Ka ce mini, "Sha'iri, idan na sa aka kore su, dalmar za ta koma wata unguwa, yunwa kuma ta zauna a wannan." Maimakon haka ka kai musu safar hannu, ka kafa musu duro da famfo a bakin wurin aiki, ka yi ta lallashi har suka yarda su daina shiga gida da kayan aiki a jiki. Babbansu, wani dattijo da ruwan batir ya cinye wa zanen tafin hannu, yakan tsokane ka: "Malam, in dai cokali-cokali za ka kwashe unguwar nan, ka daɗe ba ka gama ba." Kai kuma ka ce, "Baba, ai ba sauri nake yi ba."

Ni ma na sha daga alherinka. Shekarar da aka yi mini aikin ido aka hana ni karatu, kai ne kake zuwa gida kana karanta mini waƙa, kai da ba ka san inda baiti yake numfashi ba. Ka karya mini kari, ka yi tuntuɓe a kan amsa-amo, sannan ka ɗago ka ce, "Wannan baitin ya yi nauyi, a rage masa cokali ɗaya." Na yi dariya har likita ya yi faɗa. Ban taɓa jin an yi wa waƙa rauni irin haka ba, kuma ban taɓa jin ta yi mini daɗi kamar a lokacin ba.

Sai ƙoda ta kwantar da kai. Likitoci ba su ce daga ƙasar nan ciwon ya fito ba, ni ma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Amma tambayar tana zuwa mini tare da ƙarar kwalaben. Kana asibiti ɗalibarka ta fari, wadda yanzu malama ce a sashenku, ta zo da labari. Ita ma tuni ta koma binciken cinikin hayaƙi, da izininka, domin ka ce mata kada ta tsufa a ɗakin ƙasa ba tare da ƙarin girma ba. Ta ce maka iskar ta juya: yanzu mujallu da masu tallafi ba su da magana sai abin da ake yi da batir bayan ya mutu, kuma ana ta neman mai tsohuwar ƙasa da za a gwada da ta yau. Ka yi murmushi idonka a rufe, ka ce, "Ashe sun iso. Ki ce su zauna, ina zuwa."

Ba ka zo ba, Maƙwabci.

Bayan an yi maka sutura, jami'a ta yanke shawarar karrama ka. Za a buɗe cibiyar nazarin sabon tattalin arziki, a sa mata sunanka, kuma a ɗakinka za ta zauna. Na yi farin ciki har sai da na ga masu fenti suna auna bango. Shugaban tsangaya, mutum ne mai kirki wanda ya yi kuka a jana'izarka, ya ce mini baƙi masu tallafi suna tafe, ana bukatar ɗaki mai haske da kujeru. Na ce, "Ranka ya daɗe, kwalaben fa?" Ya ce, "Malam, sakamakon da ya samu yana cikin takardunsa. Wannan kuwa ƙasa ce, ga guba a ciki, ba mu da wurin ajiya." Ɗalibarka ta yi masa bayani cewa kaɗan ne daga cikinsu ka samu ka gwada, domin na'urar sashen ta daɗe da lalacewa, sauran suna jiran ranar da za a samu wata. Sai ya ce idan akwai mai wurin da zai karɓe su kafin a fara fenti, ba zai hana ba. Haka aka kusa ɗaga sunanka a saman ƙofa, a fitar da rayuwarka ta taga.

Na koma ofishina na dubi kantocina. Diwanai ne da ƙamusoshi da na tara tun ina saurayi, waɗanda nake ji da su kamar 'ya'ya. Na ga cewa waƙa tana iya kwana ko'ina, domin rabinta a ƙirji take. Na kwashe su zuwa gida. Dattijon nan ya zo da abokan sana'arsa, ɗalibarka tana nuna musu jeri, suka riƙa ɗauko kwalaben zuwa ofishina da hannu biyu kamar masu ɗaukar jariri. Wani ya tsaya ya ƙura wa ɗaya ido, ya ce, "Wannan ƙofar mahaifina ce, tun yana da rai."

A kantar ƙarshe muka tarar da jeri guda na kwalabe wankakku, an manna wa kowace sunan gida da shekarar bana, babu ko ƙwayar ƙasa a ciki. Ka shirya su kafin ka kwanta. Su ne suka fi tsorata ni, domin sun buɗe baki suna jira.

Da na je yi wa mai ɗakinka bayanin inda aka mayar da kayan, ta shiga ciki ta fito da cokalin a naɗe cikin hankici. Ta ce, "Sha'iri, a aljihun rigar da ya tafi asibiti da ita na same shi. Ni ban san yadda ake yi ba, amma na san ruwa ya kusa." Na ce mata, "Yaya, ni ma ban sani ba." Ta ce, "Ka dai iya sallama." Ɗalibarka ta yi alkawarin za ta riƙe jakar ta nuna mini zurfin da ake ɗiba, dattijon kuma zai kai mu ƙofa-ƙofa. Gobe da safe za mu fita, in Allah ya kai mu.

Ya Ubangiji, ga bawanka ya zo maka da hannuwan da suka sha ƙasa saboda bayinka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka sanya ƙasar da ta rufe shi ta zama mai sauƙi da sanyi a gare shi, ka haskaka kabarinsa da hasken da ba ya mutuwa, ba ya barin gawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa, ga ɗalibansa da abokan aikinsa, da mutanen unguwar da ta rasa mai yi mata sallama. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo.

Yanzu la'asar ta wuce, ina rubuta wannan kwalabenka suna kewaye da ni. Na kasa kunne ga bangon, ban ji komai ba sai goga ta masu fenti. Ƙarar kwalaben ta dawo wannan ɓangaren.

Gabas ta yi duhu, ƙamshin ruwa na tahowa,
Huta, Maƙwabci, akwai mai sunkuyawa.