Tumfafiya a Lambun Madam Helen

Har yau ban manta da ranar da mudir ya miƙo mini takardar Madam Helen ba. Lokacin ina shekarata ta huɗu a wani kamfanin gyaran lambu a Dubai, a matsayin foman. Ga waɗanda ba su san tsarin ba: mudir, wato manaja, ke karɓar kwangila, foman ya duba fili ya rubuta rahoto, ma'aikata su dasa, mai ban-ruwa ya shimfiɗa bututu. Mai ban-ruwan tawagata Bitrus ne, mutumin Pankshin, wanda ya girme ni a aikin da shekara uku.

Madam Helen dattijuwa ce daga Kanada. Ta yi ritaya daga koyarwa, ta dawo Dubai wurin 'yarta da jikokinta biyu. Ta ce ba lambun ado take so ba. Tana son wanda ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi za su riƙa zuwa, irin wanda ta bari a gida. Takardar tana ɗauke da sunayen furanni goma sha biyu, duk 'yan asalin yankinsu ne, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Wasu iraren da kanta ta zo da su, ta ajiye a firij wata biyu, don ba sa tsira sai sun sha sanyi.

Na je gidan a farkon Nuwamba. Na ɗebi ƙasa aka auna gishirinta, na duba inda rana ke faɗawa. A rahotona na rubuta cewa shuke-shuken za su yi kyau zuwa Maris, amma ba za su haye bazara ba, kuma ban tabbata ƙwarin nan za su neme su ba.

Mudir ya karanta, ya kira ni ofis.

"Sabi'u, habibi, wa ya tambaye ka? Abin da take so za a ba ta. In sun mutu a sake dasawa. Cire wannan layin, khalas, shi ke nan."

Na ce, "Yallaɓai, sa hannuna ne a ƙasa."

Ya jefa rahoton a durowa, ya ba Madam jadawalin aiki kawai. Ni kuma na bar kwafina a mota, ban ce mata komai ba. Ba na faɗin wannan da alfahari. Bizata a hannun kamfani take, kuma na yi wannan lissafin.

Muka dasa. Zuwa Fabrairu lambun ya yi kyau, maƙwabta na leƙe ta katanga. Madam ta sa kujera tana zama da littafin rubutu don ta riƙa rubuta ƙwarin da suka zo. Duk ranar da muka je dubawa sai ta nuna mini shafin. Kusan babu komai a ciki. A ƙarshen Afrilu ganye ya fara ƙonewa ta gefe. Bitrus ya ƙara lokacin ruwa, ya sa rumfar raga, ya riƙa zuwa ranar hutunsa. Kafin Mayu ya ƙare babu abin da ya rage.

'Yar Madam ta kai ƙara ofis. Mudir ya ce mata laifin ban-ruwa ne, ya ba Bitrus takardar gargaɗi. A kamfaninmu gargaɗi na biyu sallama ce, kuma Bitrus yana da guda a baya saboda makara. Wannan ta biyu kenan, sai dai ba ta fara aiki sai ya sa hannu cikin mako. Ya same ni a mashtal, wato wurin renon dashe, da takardar a naɗe a aljihu.

"Ɗan'uwa, ka san ba ruwa ba ne."

Na ce na sani.

"To?"

Washegari na kai wa Madam kwafin rahotona. Ta karanta a tsaye, ta duba kwanan watan, ta dube ni.

"Tun Nuwamba ka sani, kana kallona da littafi a kujera?"

Na ce haka ne, Madam. Ban kawo uzuri ba. Na roƙe ta awa ɗaya kawai in nuna mata wani wuri.

Na kai ta unguwar Ras Al Khor, bayan shagunan kayan mota, inda muke sayen bututu. Akwai wani fili da aka yi watsi da shi, cike da tayoyi da kwalaye. A nan tumfafiya ta yi tsayi ta wuce ni, irin wadda muke sarewa a gefen gona a garinmu Malumfashi. Babu mai ba ta ruwa. Ƙarfe bakwai na safe ne, manyan baƙaƙen ƙudan zuma suna kan furanninta, malam-buɗe-littafi masu ruwan goro suna shawagi. Madam ta sa tabarau, ta juya ganye, ta ga tsutsa mai zane-zane. Ta kai hannu za ta tsinka, na hana ta, na ce farin ruwan yana lalata ido.

Ta daɗe tana kallon furen, sannan ta ce dangin wata shukarsu ce, mai irin wannan nonon, kuma ita ma malam-buɗe-littafi a kanta yake ƙwai.

"Shekara ashirin ina faɗa wa maƙwabta su dasa abin ƙasarsu," in ji ta. "Na zo nan na ɗauko ƙasata a jaka."

Da kanta ta je wurin mudir. Ban san abin da suka tattauna ba. An janye takardar Bitrus, ni kuma aka ɗauke ni daga aikin gidaje aka mai da ni mashtal wata biyar, ina cika leda da ƙasa. Ba a rage mini albashi ba, ba a kuma faɗa mini dalili ba.

A Oktoba Madam ta ce sai ni zan yi mata sabon lambu. Muka dasa kurna biyu, wadda a nan ake kira sidr, don furenta na jan zuma lokacin sanyi, da wata bishiyar hamada ɗaya mai suna ghaf saboda inuwa, da ƙananan ciyayin hamada masu fure. Tumfafiya uku muka sa a kusurwa, muka kewaye da waya saboda jikoki. Ba a shekarar farko lambun ya cika ba. A ta biyu ne ta fara turo mini hotuna. Tana gaisawa da ni cikin mutunci, amma ba ta sake nuna mini littafinta ba.

Abin da nake faɗa wa sababbin ma'aikata ke nan. Mai lambu yakan zo da hoton wani wuri a zuciyarsa, kuma ba laifi ba ne. Aikinku ku zagaya bayan unguwarsa ku ga abin da ya tsira ba tare da kowa ya kula da shi ba, daga nan ku fara zaɓe. In kuma kun san abu zai mutu, ku faɗa wa mai shi baki da baki tun kafin a haƙa rami, domin idan ya mutu, mafi ƙanƙanta a tawaga ake nema.

Yanzu a mashtal ɗinmu akwai layi guda na tumfafiya a tukwane masu kyau, kowace da sunanta na Latin a rataye. Mudir ne ya sa a yi. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, ni ma ban tambaye shi ba.