Shirun Ramatu a Ɗakin Haihuwa

Har gobe ba na mantawa da ranar da na raka Ramatu gaban kwamitin likitoci. Ku da kuka shigo aikin tafinta bana ku saurara, don ni ma a lokacin gani nake tunda Sinanci ya zauna a bakina, na gama da aikin.

Ramatu 'yar Maraɗi ce, mijinta Alhaji Isufu yana sarin tufafi a kasuwar Shahe. A nan Guangzhou ta haifi 'yar farinta, a wani asibitin kuɗi. Jaririyar ba ta yi kuka ba sai da aka sha fama. Ta shekara biyu ba ta zama, likitoci suka ce ƙwaƙwalwarta ta samu rauni, larurar da Sinawa ke kira naotan.

Larurar iri-iri ce. Akwai wadda gaɓoɓi ke sandarewa, ita ta fi yawa. Akwai wadda hannu da wuya ke murɗewa da kansu, akwai mai sa tangaɗi, wani yaron kuma ya haɗa biyu. Ta 'yar Ramatu mai murɗewar ce, kuma Lauya Chen, wanda nake wa aiki kuma suka kawo wa kukansu, ya ce irinta takan biyo bayan rashin iska wajen haihuwa. Muka sa aka rufe fayil ɗin asibitin da hatimi, muka shigar da ƙara. Kotu ta tura mu kwamitin da ke tantance ko an yi sakaci.

Hujjar asibitin layi ɗaya ce da nas ta rubuta: mai naƙuda na kwance lafiya, ba ta koka da komai ba. Da na fassara wa Ramatu a ofis, sai ta sunkuyar da kai.

"Yaya Bilki, gaskiya suka rubuta," in ji ta. "Inna ta ce mai haihuwar fari ba ta kuka, ni kuwa ko tari ban yi ba. Ni na cuci yarinyar nan. A bar maganar kawai."

Da ƙyar muka lallashe ta ta zo zaman. Shugabar kwamitin, wata tsohuwar likita, ta fara da tambayarta sunan yarinyar. Ramatu ta yi shiru, ko kallon 'yar ba ta yi ba, tana can a cinyar ubanta. Na ga lauyan asibitin ya duƙa yana rubutu, raina ya ɓaci.

Ƙa'idar aikinmu, tafinta ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Na ɗaga hannu na nemi izinin yin bayani da bakina, aka ba ni. Na ce a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tarairayarsa a gaban mutane, kuma tun tana ƙarama ake koya mata cije baki a naƙuda. Kunya ce, ba rashin so ba.

Tsohuwar ta warware doguwar takardar na'urar da ke bin bugun zuciyar jariri, ta daɗe tana dubawa.

"Hukunci sai rahoto ya fito," ta ce da ni. "Amma ki gaya mata wannan. Ba kukan uwa muke jira ba, shi ya sa ake ɗaura na'ura. Bugun ya yi ta sauka a nan. Dubawa aikin ma'aikata ne, ko ta yi kuka ko ba ta yi ba. Shirunta bai taɓa yarinyar ba."

Na fassara mata. Ramatu ta ce in maimaita, na maimaita a hankali. Sai ta miƙe ta karɓi yarinyar daga hannun Alhaji, ta tallafe wuyan nan mai murɗewa.

"Zainabu," ta ce. "Zainabuna, kin ji?"

Wannan ban fassara ba, ba kuma wanda ya nema.

Rahoton ya fito bayan watanni, ya ce an yi sakaci, Zainabu ta fara zuwa gashin ƙashi. Ni abin da na koya shi ne, mutanenmu sun fi ɓoye abin da ya fi yi musu ciwo, kuma takardar asibiti ba ta san kunya ba. In kun ga uwa ta yi shiru a gaban likita, kada ku jira ta yi magana, ku ɗaga hannu.