Turakun Dokta a Gonar Aro

Tattasai nake saye in sayar, tun ina ɗaukar buhu a ka a kasuwar Diffa har na kai ga cika kamiyo, babbar motar kaya. Ni ba ɗan kwarin nan ba ne. Daga Damagaram na zo, kuma ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa a bakin Komadugu. Gonar da na yi shekaru ina nomawa aro ce. Wani dattijo Babarbare ne ya ba ni, mutumin da nake sayen tattasansa tun farkon zuwana. Ranar da ya nuna mini iyaka a gaban bulama, mai garinsu, sharaɗi ɗaya ya kafa da Hausarsa mai nauyi: in shuka duk abin da ake girbewa a tafi da shi, amma kada in dasa icce, kada in kafa komai da siminti. Kowa a kwarin ya san dalili. Mai aro in ya dasa icce, to zama ya zo yi, kuma wata rana jikokinsa za su nuna iccen su ce na kakansu ne.

Na riƙe sharaɗin. Ko rumfar injin ban-ruwa da kara nake yi, duk shekara a sake.

Dokta ya shigo rayuwata ta hannun wani direban kamiyo da muke aiki tare. Ya kawo shi rumfata ta kasuwa, ya ce malamin jami'a ne mai binciken ƙasa, yana neman gonar tattasai da zai ɗebi ƙasa kaɗan. Mutum ne dogo, mai tsabta, da hular rana irin ta masu yawon buɗe ido. Kafin ya sha ruwan da na ba shi ya zaro salula ya nuna mini shafinsa na intanet. Hotonsa a sama da kwat, a ƙasa jerin takardun da ya rubuta da ƙasashen da ya je yin jawabi. Ya yi ta jan yatsa, abin bai ƙare ba. Faransancina na kasuwa ne, na lissafi da gaisuwa, don haka shi yake karantawa yana fassara mini. Duk a kan abu biyu ne: karbon na cikin ƙasa, da haɗa itatuwa da shuka a gona ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Mutum mai wannan jeri yana zaune a kan buhuna yana ce mini Alhaji.

"Alhaji, an ce kana da gona a bakin ruwa."

"Ina da ita," na ce. "Gonata ba nisa, gobe sai mu je."

Haka kowa ke faɗa. Wanda ya hau jakin aro ma jakina yake cewa in ya zo ɗaure shi.

Washegari ya zo da wani ƙarfe mai murɗi, yana huda ƙasa yana zubawa a ƴan ledoji. Mutanen da ke mini ban-ruwa suka ji kalmar karbon, suka ɗauka sharbon ya ce, wato gawayi. Babbansu, wani Bafillace mai baki, ya jingina da shebur ya ce, "Dokta, in gawayi kake nema, ka daina wahalar da kanka. Matata na da rabin buhu." Dokta bai yi dariya ba. Ya tsaya ya yi musu bayani mai tsawo, cewa ganye da saiwa in sun ruɓe suna barin wani baƙi a ƙasa, shi ke riƙe ruwa, shi ke ciyar da shuka, kuma namu ya yi ƙasa ƙwarai. Bafillacen ya ce, "Ashe taki kake nufi." Ya koma bakin aikinsa.

A hanyar dawowa ne ya kawo zancen icce. Yana so ya jera gawo da bagaruwa a gefe ɗaya na gonar, ya riƙa aunawa duk shekara ya ga ko baƙin nan zai ƙaru. Na ce masa gawo na gonar gero ne, don da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi inuwa, lokacin da tattasai ke son rana. Sannan na ce masa a fili ba a dasa icce a gonar nan. Ya ɗebi ƙasa iya son ransa, icce dai babu. Abin da ban gaya masa ba shi ne dalili. Ban so in ce wa mai shafin nan gonar ba tawa ba ce.

Ya ce, "To, Alhaji, za mu gani." Ni na ɗauki wannan a matsayin ya ji.

Bayan dashen tattasai na yi tafiya da kaya yamma, mota ta lalace, ciniki ya ja, na kusa wata ban dawo ba. Da na je gona, ga tsirrai a jere gefen gabas, kowanne da kewayen ƙaya da lamba a wuya. A kusurwa huɗu kuma an kafa turakun ƙarfe, an zuba musu siminti a gindi. Mutanena suka ce Dokta ya ce ni na yarda. Na kira shi, ya ce yana Yamai, gwaji ne kawai, in ya zo za mu yi magana. Na yi wauta a nan. Maimakon in tuge su ranar, sai na ce bari in jira shi don kada in ɓata wa mai ilimi aiki. Dattijo ciwon ƙafa ya hana shi zuwa gona, na ce kafin labari ya kai masa na gyara.

Labarin bai bi ta gona ba, ta salula ya bi. Dattijo na da ɗa, mushe ne a lakwal, wato malamin makarantar boko, a garin Maine. Wani abokinsa ya tura masa shafin Dokta don ya ga an sa hoton garinsu. Shi kuwa ya gane gonar ubansa da tsamiyar da ke bakin gaɓa.

Aka kira ni gaban bulama. Dattijo na zaune a tabarma, ƙafa a miƙe. Mushe ya tsaya da salula a hannu, bai ko amsa gaisuwata da kyau ba. Ya karanta da Faransanci, ya fassara da Barbarci don mutane, sannan ya juyo ya fassara mini da Hausa a hankali, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Dokta ya ƙara sabon layi a shafinsa: ya kafa filin gwaji na dindindin a kwarin Komadugu, tare da haɗin kan mai gonar, wani babban ɗan kasuwar tattasai.

"Mai gonar," inji mushe. "Alhaji, yaushe ka saya? Mu ba mu ji ba. Ko a Yamai aka yi cinikin?"

Na ce kuskure ne na baƙo, zan kawo shi ya gyara da bakinsa.

Sai da na yi kwana tara ina kira kafin ya zo Diffa. Na same shi a masaukinsa yana cin abinci, bai ce in zauna ba, na zauna.

"Dokta, na ce maka ba a dasa icce."

"Ka ce gawo zai yi wa tattasai inuwa. Shi ya sa na sa su a gefe."

"Siminti fa?"

"In ba a kafa turaku ba, baɗi ta yaya zan san inda na auna? Karbon ba ya motsi a shekara ɗaya, Alhaji. Sai an daɗe ana komawa wuri ɗaya. Abin da dindindin ke nufi ke nan a wurinmu. Kalmar aiki ce."

"A wurinmu kuma kalmar gado ce. Ka goge ta, ka goge mai gonar, ka zo ka faɗa wa dattijo."

Ya ajiye cokali. Ya ce shafin zai iya taɓawa, amma maganar ta riga ta shiga rahoton da ya aika wa masu ɗaukar nauyin aikinsa, kuma in ya ce filin ba tabbatacce ba ne za su janye. Ya ce in yi haƙuri, nan da ƴan shekaru dattijon da kansa zai gode, don ƙasarsa ce za ta gyaru. Sannan ya dube ni ya ce, "Kuma kai da bakinka ka ce mini gonata. Ni abin da aka gaya mini nake rubutawa."

Wannan gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Amma mutumin da ya cika shafi da sanin ƙasar manoma, a ce bai taɓa jin abin da dasa icce ke nufi a gonar wani ba? Ya sani. Tambaya ɗaya ce bai yi ba, don ya san amsar za ta hana shi aiki. Na ce masa, "Ka san nauyin ƙasar da ke cikin leda, ba ka san ta wa ce ba." Ya ce ba zai je gaban bulama a yi masa shari'a kamar ɓarawon akuya ba. Na tashi.

Da safe na tafi gona da diga. Ni da Bafillacen muka tuge tsirran ɗaya bayan ɗaya, muka haƙe turakun huɗu da simintinsu. Na loda su a amalanke, na kai ƙofar dattijo, na zube a gabansa da mutane suna gani. Na ce, "Baba, ga su. Laifina ne da na bar su suka kwana."

Ya daɗe yana kallon turakun. Ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan ya ce, "Ɗana, ni na san ka. Shekara nawa ba ka taɓa matsar da iyaka ba. Amma ni tafiya zan yi. Wannan na ƙasa ka tuge, na cikin salula fa? Yaran nan sun ce ko an goge yana nan wani wuri. Ranar da ba ni, ba kai, ɗanka zai nuna wa ɗana rubutun dokta."

Na ce zan sa a rubuta takarda a gaban bulama cewa aro ce. Mushe ya ce takardar bulama a akwati take kwana, ta Dokta kuwa duniya ke karantawa. Dattijo bai tsawata masa ba. A nan na san an gama.

Ya bar ni na girbe tattasan shekarar, har tsinka ta ƙarshe. Da aka shanya aka cika buhuna, na kwance injina, na rushe rumfar kara, na kira mushe ya zagaya iyaka da ni ya ga ba abin da ya ragu. Ƙannensa ke noma ta yanzu. Tattasansu ni nake saye, don gonar na ba da mai kauri da ja sosai, kuma ciniki ba ya fushi.

Dokta ya sake zuwa rumfata sau ɗaya, bayan shekara. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce yana so in yi masa hanya wurin ƴaƴan dattijo, ko za su bar shi ya ɗebi ƙasa a wurin da turakun suke, don kada awon farko ya tafi a banza. Ina kan duba wani buhu da ake zargin an jiƙa shi. Na ce masa gonar tana da masu ita, gidansu kuma ba ɓoyayye ba ne, ya je ya yi sallama ya tambaya. Ya ce ba su san shi ba. Na ce sun san shi sarai, sun karanta shi.