Kaudar Isuhu Ba Ta Shiga Kanti Ba

Bana shekara tara ke nan da muka binne wana Isuhu a bayan garinmu, cikin ƙasar Keita. Ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, don haka zan faɗi abin yadda ya zo mini.

Isuhu manomin tumatir ne. In tumatir ya nuna lokaci guda, kwando ya rasa mai taya shi a kasuwa, sai mu yanka mu shanya bisa fako ya zama kauda. Haka muka tarar ana yi. Wata shekara ya ji rediyo na ta faɗin a ci na gida, sai ya cika buhu da kauda, ya hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Yamai, har cikin wani babban kanti irin wanda mutum ke tura ƴar amalanke yana ɗibar kaya da kanshi. Mai kantin ya tauna ɗaya ya tofar, ya ce, "Malam, yashi gare ta."

Isuhu bai yi fushi ba, ya ce gaskiya mutumin ya faɗa. Ya dawo ya kafa gadajen kara, ya shimfiɗa tabarmi bisa. Gari ya yi ta dariya, wai tumatirin Isuhu ya zama amarya, ba ya kwana ƙasa. Da ya koma bayan shekara biyu, yashi babu, amma aka ce sai takardar labo ta masu gwajin abinci, sai leda mai suna, kuma ya riƙa kawowa rani da damina. Isuhu ya nuna gwangwanayen tumatir na ƙetare da aka jera, ya ce su wa ya ga gonarsu? Aka rako shi ƙofa da murmushi.

Da zai tashi yau, ba sai ya je Yamai ba. Kowane butik na garinmu, har ɗan ƙaramin shago, gwangwanin ne a ciki. Habsu, matar da ya bari, da shi take miya, ta ce ya fi ja kuma ba daka. Na daina zagin masu kanti. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Makon jiya Salisu, babban ɗanshi, ya zo mini. Zai sai da garkar ubanshi, lambun tumatirin, da rijiyarta, ya tahi Abijan. Na fara yi mishi faɗa, ya bari na gama, ya ce, "Baba, in tsaya in noma wa wa?"

Abin da ya saura na Isuhu kaɗan ne. Waɗanda suka yi mishi dariya yanzu bisa gado suke shanya, kaudarsu tas, kuma dillali na zuba ta buhu ɗaya da mai yashi. Ranar Jumma'a zan dangwala yatsa gaban maigari, ni ne shaidar cinikin garkar.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Gara da ka riga ni.