Doguwar Kantar Ofishin 'Yan Shanu

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Inugu, har da sunan mai gidan da na yi haya shekara shida a Asata, amma ranar da na shanya wani dattijo a gindin kanta tun hantsi har la'asar ba za ta fita daga raina ba sai ranar da aka kai ni makwancina. Kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ni na auno kantar nan da ƙirjina, ni na zauna a bayanta ina hura hanci.

Lokacin ana ta shirin karɓar mulkin kai, ni kuwa ina magatakardan ƙungiyar 'yan shanu. Abin da ya ba ni wannan babban matsayi bai wuce na yi elementare ba, na kuma iya rubuta wasiƙa da Turancin da Bature zai karanta ya gane rabi. Shugabanmu, wanda kowa ke ce wa Sarki, ofishinsa rumfar kwano ce a bakin kara, filin da ake tsare shanu kafin mahauta su zo su zaɓa. Kayan cikinta tabarmi ne da buzu ɗaya da randa. Duk wanda ya zo sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaisar, ya koma gefe ya yi shiru. Ba ya fara maganar da ta kawo shi sai an tambaye shi, haka aka raine mu. Sarki kuwa, a ba shi haƙƙinsa, yana da ido. Yana tsakiyar hira zai hango fuskar mutum a ƙarshen tabarma ya ce, "Kai na can, matso. Wannan zaman naka ba na lafiya ba ne."

Ba wanda muke tsoro a garin nan kamar likitan dabbobi na gwamnati. Dokarsa gajera ce: in saniya mai ciwon huhu ta shiga kara ta cuɗanya da sauran, zai garƙame filin gaba ɗaya, ba shiga ba fita, sai ranar da ya ga dama. Kowa da abincinsa a filin nan, daga dillali har mai sayar da ciyawa. Wata rana likitan ya zo zagaye, ya tsaya a cikin rumfarmu da hankici a hanci, ya waiga dama ya waiga hagu, ya tambaye ni da Turanci ina ofishinmu yake. Ni kuma da iyayi na fassara wa Sarki kalma da kalma. Kwana uku ba a ga dariyar Sarki ba.

Ana nan sai tafiya ta kama mu zuwa Fatakwal kan maganar fatu. Muka sauka wajen 'yan uwa a Borokiri, da safe muka nufi hedkwatar wani babban kamfanin Turawa masu cinikin manja da fatu. Bene ne hawa uku, tagogi gilashi, fankoki na juyawa a sama, daɓen kuwa santsinsa ya kusa kayar da Sarki tun daga bakin ƙofa. Wata doguwar kanta ta katako mai sheƙi ta raba falon biyu. A bayanta akwai akawu da maɗaurin wuya, kansa a sunkuye yana rubutu. Muka yi sallama, bai ɗago ba, ya nuna mana benci da gindin alƙalami. Awa uku muna zaune. Daga ƙarshe masinja ya zo ya ce mana, "Oga don go," wai manaja ya fita ta wata ƙofa tasa ta baya.

Na ɗauka Sarki zai fusata. Ina! Ya dafa kafaɗata, idonsa na ƙyalli, ya ce, "Malam, ka ga girma? Awa uku, ko inuwarsa ba mu gani ba." Nan take ya sa na je na jingina da kantar don mu san tsayinta. Ta zo mini daidai maɓalli na biyu na rigata. Ya ce in riƙe wurin da yatsa kada in manta, in mun koma gida a ƙara taƙi ɗaya a kai, don ba za a ce kamfanin manja ya fi masu shanu ba. Haka na fito daga hedkwatar nan da yatsa a ƙirji, masu gadi na kallona.

Cikin wata biyu aka rushe rumfa aka tayar da ɗaki na bulo. Kafintan da ya yi mana aikin katako wani Ibo ne daga Ogbete, ya zauna a Kano yana jin Hausa sarai. Da ya ji tsayin da ake so ya kalle ni, ya kalli Sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ina za ku riƙa fitowa wajen mutane? A bar 'yar ƙofa a gefe mana." Sarki ya ce a can ba mu ga wata 'yar ƙofa ba, don haka a kafa ta daga bango zuwa bango. Daga baya na ji akwai ƙofar, rufe take ba mu lura ba. Aka yi wa Sarki ɗakinsa a ciki, da ƙofar baya irin ta manaja. Aka sayo benci, da ƙararrawar tebur, da hatimi. Fanka ce kawai ba a saka ba, saboda sai bayan an gama aka tuna ba mu da lantarki.

Ranar buɗewa Liman ya zo yin addu'a. Ya shigo ya duba benci, ya ga in ya hau zai zama yana rataye ƙafa a gaban jama'a, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa. Sarki na daga can ciki. Da aka shafa fatiha Liman ya ɗaga kai yana kallon katako ya ce, "Sarki, muna jin muryarka. Allah ya sa kai ma kana jin tamu." Aka yi dariya, ni na fi kowa, don na ɗauka yabo ne. A ranar Sarki ya kafa doka: daga yau ba mai tare shi a hanya ko a ƙofar masallaci da wata magana, komai sai a ofis, kuma sai ta hannuna.

Bencin nan ba wanda ya taɓa hawansa. Mutanenmu ba sa zama a sama a gaban shugaba, sai suka mai da shi wurin jera takalma da sanduna, su kuma su zauna a ƙasa a gindin kanta, inda mai zama a bayanta ba ya ganin ko hular mutum. 'Yan gari sun gano dabara: su ƙwanƙwasa katako, ko su ɗago hannu sama su kaɗa. Ni kuwa na riga na ƙware a abin da na koyo a Fatakwal. In aka yi sallama sai in amsa a daƙile in ce, "A jira," ban ɗago ba. Wallahi wani lokacin ba abin da nake rubutawa, sa hannuna nake ta gwadawa a bayan tsohuwar takarda.

Ranar da abin ya faru, jirgi ya iso da safe da taragun shanu daga Arewa. Al'adarmu, in an sauke su sai a ba su ruwa a gefen tasha, su huta, bayan azahar masu kora su shigo da su kara. Da hantsi na ji sallama, muryar tsoho, a hankali. Na ce, "A jira." Na ji motsin tuɓe takalmi, daga nan shiru. Wasu suka zo bayansa suka ƙwanƙwasa, na sallame su. Azahar ta yi, ni da Sarki muka fita ta ƙofar baya kamar manajoji, muka yi salla, muka ci tuwo a gidan abinci, muka dawo ta inda muka fita. Ina ji a waje ana kora shanu, ana "hai, hai," ƙasa na girgiza, har na ce a raina yau kasuwa za ta yi kyau.

Dab da la'asar hatimina ya suɓuce ya gangara ya faɗa ta gaban kanta. Na hau kujera na leƙa don in ga inda ya tsaya. Sai na ga malafa. A ƙarƙashinta wani dattijo ne Bafulatani, a durƙushe, sandarsa a kwance a gabansa, butarsa a gefe. Ya ɗauki hatimin ya goge shi da bakin rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na ce, "Baffa, tun yaushe kake nan?"

Ya ce, "Tun da ka ce a jira, ɗana. Alwala kawai na fita na yi, na yi sallata a nan bakin ƙofa don kada a kira ba na nan."

Duk da haka sai da ya gaishe ni, ya tambayi gajiya da iyali da aiki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Shi ya rako shanun wani attajiri tun daga Arewa a cikin tarago. Tun suna hanya ya lura bijimai biyu na tari, suna miƙe wuya, ba sa tuƙa. Ya san ciwon. Ya roƙi masu kora su ware su, suka ce ba su da ikon tsare shanun kowa sai da izinin Sarki. Ya ce a nuna masa Sarki, aka ce yanzu ba a tare shi a hanya, sai a ofis. Shi ne ya zo.

Na buga ƙararrawa kamar zan fasa ta. Sarki ya fito, ya ji rabin maganar, ya yunƙura zai fita wajen tsohon, kanta ta tare shi daga bango zuwa bango. Mutum mai jiki, da babbar riga, ya tsaya yana dafa katako yana neman hanya. Dole ya juya ya bi ta ƙofar manaja, ya zagayo ginin da gudu ba takalmi. Ko da muka isa kara, bijiman nan biyu na tsakiyar garke, sun sha ruwa a kwami ɗaya da kowace saniya da ke filin.

Sarki bai ɓoye ba, shi ya aika aka kira likita. Washegari ya zo, kuma karon farko ya shiga sabon ofishinmu. Ya duba bango, ya duba benci, ya shafa katako ya ce aiki ya yi kyau, na kuma fassara. Sannan ya zaro takardar rufe kara ya shimfiɗa a kan kantar ya sa hannu a tsaye. Dogon mutum ne, tsayinta ya yi masa daidai, ko sunkuyawa bai yi ba. A duk rayuwar kantar nan shi kaɗai na ga ta yi wa amfani.

An daɗe kafin a buɗe filin. Shanu suka rame a tsare, wasu suka mutu, wasu aka harbe. Mahauta suka koma sayowa daga wani wuri. Akwai ƙananan 'yan kasuwa da na sani waɗanda ba su sake miƙewa ba, suka tattara suka koma gida. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Attajirin da ya aiko shanun ya ɗora laifin a kan tsohon, wai yana gani ya yi shiru. Sarki ya sa na rubuta wa attajirin wasiƙa cewa laifinmu ne, na rubuta da hannuna, na buga hatimin nan. Ban san ko ta yi amfani ba, don ban sake ganin dattijon ya rako shanu ba.

Ni na raka shi tasha ranar da zai koma. Na riƙe masa buta, na yi ta juya maganar a bakina, da ƙyar na ce, "Baffa, ka yafe mini. Amma don Allah me ya hana ka ƙwanƙwasa, ko ka sake yin magana?"

Ya kalle ni da mamaki, ba fushi ko kaɗan a fuskarsa. Ya ce, "Haba ɗana, in katse ka kana aikin Sarki? Ai na ɗauka ka gan ni."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na tsaya a dandamalin tasha ina kuka da gemuna.

Ba a yi mako ba Sarki ya kira kafintan nan ya ce a cire kantar. Mutumin ya yi murmushi ya ɗauko zarto. Aka rage mata ƙafafu aka ba wani mahauci a Ogbete, ya daɗe yana sara nama a kanta. Muka mayar da tabarmi cikin ɗakin bulo, Sarki ya koma kan buzunsa a bakin ƙofa inda yake ganin kowa.

Na yi aiki a ofisoshi da dama bayan nan, wasu da fanka ta gaske. Har yau in na ji masu kuɗi na cewa a gina musu irin na kamfani kaza, sai in ce su fara tambaya don su wa aka gina shi. Turawan nan sun yi kantarsu don mutanen da ke magana a tsaye. Mu muka ɗauko ta, muka ƙara mata taƙi, muka kafa a gaban mutanen da ke durƙusawa su jira a tambaye su. Abin da na koya bai fi wannan ba: in aka yi mini sallama, ko me ke hannuna, sai na ajiye na miƙe na ga fuskar mai ita kafin in ce masa ya jira.