Akushin Da Teku Ta Adana, Ni Na Lalata

A lokacin da abin nan ya faru ni mai nutso ne, haifaffen unguwar Kurayyat a Jidda, ina kankare ƙasan jiragen ruwa don neman abinci. Ga ƙarfin huhu, ga ƙarancin tunani. Wata Daktora, Bahaushiyar Sudan da ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen binciken tsofaffin jiragen da suka nutse a Bahar Maliya, ita ta ɗauke ni aiki. Akwai wani jirgin katako binne cikin yashi a kudancin gari, ita kuwa ta haƙiƙance mahajjatan ƙasar Hausa ya ɗauko daga tashar Sawakin ta Sudan. Izinin aikinta saura wata biyu, iƙamarta kuma, wato takardar zamanta a ƙasar, a ɗaure take da aikin. In ta sami hujja za a killace wurin, in ba ta samu ba wani kamfani na jira ya zuba duwatsu ya gina matsayar jirage.

Dokarta biyu ce. Kada a taɓa komai sai an ɗauki hoto an auna inda yake, sannan katakon da ya daɗe a teku ba ya barin ruwa ko na sa'a guda, daga yashi sai tanki. Ta maimaita wannan har nakan kwaikwayi muryarta a bayan idonta, sauran masu nutso suna dariya.

Mahaifiyata, da muke kira Ummi, tana da labari ɗaya da ba ta gajiya da shi. Kakanta ya tako da ƙafa daga ƙasar Katsina, da ya isa Sawakin ya sa matarsa da ɗansa a jirgin farko, shi ya shiga na biyu da sandarsa da akushinsa, bai taɓa isowa ba. Kullum sai ta ce ko kabari ba su da shi.

Wata Alhamis da safe ina kore yashi da hannu, sai ga baƙin akushi, da zane a bakinsa irin wanda nake gani a ɗakin tsofaffin unguwarmu. Na san hujjar Daktora ce na riƙe. Amma fuskar Ummi na gani. Na cusa shi a jaka ban ɗauki hoto ba, ina gaya wa kaina kwana biyu kawai zai yi, in mayar da shi in yi kamar yanzu na gano.

Ummi ta rungume shi ta yi ta kuka, ta ce wallahi na kakanta ne. Na sa shi a baho na cika da ruwa, amma ban gaya mata dalili ba, don kada ta gane sato shi na yi. Washegari na tafi Juma'a, daga can na zarce hira. Ita kuwa ta ga abin kakanta a baho kamar kwanon wanke-wanke, ranta ya ɓaci. Ta sa soso ta goge shi tas, ta hau bene ta shanya shi a rana don ya bushe ta shafa masa man shanu, yadda uwarta ta koya mata ana yi wa akushi. Da na dawo bayan la'asar ya tsage, ya nannaɗe kamar busasshiyar kuɓewa, zanen ya ɓace. Ina ɗaga shi ya marmashe a hannuna.

Na kai wa Daktora ragowar a leda. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tambaye ni ko na ɗauki hoto, na ce a'a. Ta tambaya ko zan gane daidai inda na cire shi, na ce ba zan gane ba. Ta daɗe tana kallon ledar, sannan ta ce, "Ƙanena, kusan shekara ɗari teku ta riƙe mana shi, kai kwana ɗaya ya gagare ka. Halas, ya wuce, je ka sa kayan nutsonka."

Mun tona har ranar ƙarshe kamar mahaukata. Ba mu sami komai ba sai fasassun tulu irin wanda kowane jirgi ke ɗauka. Izini ya ƙare, iƙamarta ta bi shi, ta bar ƙasar, na kuma ji ba ta sake nutso ba. Yanzu kankare ne a kan jirgin da duk wanda ke cikinsa.

Abin da na koya ya zo mini a makare: ƙauna ba ta hana ɓarna. Duk wanda aka ba amana da doka, ya bi dokar ko bai fahimce ta ba, kada kuma ya ɓoye gaskiya ga wanda zai bar wa ajiya. Ummi na nan da ɗan garin katakon da ta tattara a gwangwanin madara, takan buɗe ta yi wa kakanta addu'a, sannan ta sa mini albarka don na dawo da shi gida. Ni kuwa sai in ce amin, don har yau na kasa gaya mata cewa ni na binne shi karo na biyu.