Isuhu Mai Awo da Jinin Ƙanena

Ina cikin yi wa wani aski a rumfata ta kasuwar Gure, da hantsi, sai matata ta kira ni: Malam Isuhu mai awon jini ya rasu a Damagaram, inda aka kai shi jinya. Na yi salati, na ajiye aska. Mutumin ya jira ni da rabin kai a aske bai yi ƙorafi ba, domin shi ma ya san mamacin.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. Shi kuwa ya tsufa a ɗakin awo na likita, wanda suke ce wa labo. Ranar kasuwa yakan fara sallamar mutanen Kelle da Gamu don kada mota ta bar su, mu 'yan gari mu yi ta tsaki a benci. In ya biyo ta rumfata yakan ce, "Sarkin Aska, ni da kai duk jinin mutane muke ɗiba. Ni dai ina dubawa kafin in zubar." Ni kuma in ce, "Likita, ubana ya yi wa ubanka ƙaho, ga ka nan da ranka."

Akwai abin da ya riƙe mini har ya koma ga Allah, yau zan faɗe shi da bakina.

Wata damina ƙanena Habu ya zo daga Bune, zazzaɓi ya sha kansa, ga jiri, ga ciwon kai. Na kafa masa ƙaho sau uku cikin mako guda. Jini ya fito baƙi ƙirin, na nuna masa na ce ga mataccen jinin nan, saura kaɗan. Ranar da ya faɗi a ƙofar masallaci muka kai shi likita.

Isuhu ya ɗebi jininsa a 'yar siririyar kwalba, ya sa a injin da ke juya ta. Da ya fito da ita sai na ga jinin ya rabu uku. Ya kira ni gefe, inda ba mai ji.

"Wannan na sama mai kalar man gyaɗa, ruwan jini ne, shi ke kai abinci ko'ina a jiki. Farin zaren nan na tsakiya, a ciki sojojin da ke yaƙar cuta suke, da wasu ƙanana masu toshe rauni. Da babu su, da duk wanda ka tsaga bai kai gida ba. Jan na ƙasa shi ke ɗauko iskar numfashi daga huhu. Mai lafiya, jansa ya kusa rabin kwalba. Dubi na Habu."

Ɗan guntu ne a gindin kwalba.

Na ce, "Amma baƙi na fitar, Likita."

Ya ce, "Baƙin ba matacce ba ne. Ya sauke iskarsa ne, yana komawa ɗauko wata."

Ya riga ya ga shaidar ƙahona a bayan Habu. Bai ambata ba. Jinina bai dace da na ƙanena ba, na Isuhu ya dace, ya kwanta aka ɗiba aka ƙara wa Habu. Duk da haka, bayan kwana biyu Habu ya cika.

Bayan sadakar bakwai na same shi na ce, "Isuhu, tsakaninka da Allah, ni ne?" Ya ce, "Zazzaɓi ya ci jansa da yawa tun kafin ya zo gare ka. Sauran, injina ba ya auna shi." Sannan ya koya mini in riƙa jawo fatar ido ta ƙasa in duba kafin in ɗauki ƙaho: in cikinta fari ne, jini ya yi kaɗan, in turo masa mutum. Na tura da yawa. Wasu sun zage ni, sun tafi wajen wani wanzamin.

Matar Habu har gobe tana cewa yayansa ya yi masa duk abin da ya iya. Isuhu ya sha jin ta faɗa, bai taɓa ƙaryata ta ba. Da ya kwanta ciwo na je gaishe shi da niyyar sake tambayarsa, na tarar ba ya gane mutane sosai. Na zauna, na ja fatar idonsa a hankali, ban san dalili ba.

Ya Allah, ka jiƙan Isuhu, ka rufa masa asiri yadda ya rufa mini, ka haskaka kabarinsa. Ka ba matarsa Hajiya Zara da 'ya'yansa haƙuri, ka tsaya musu. Ka jiƙan Habu. Jibi zan tafi Bune wajen matarsa, ka ba ni bakin faɗa mata.